Indico a kan PostgreSQL ko a juya shi zuwa MySQL? Amsa ga Malam na Bauchi

Wa alaikumus salam Malam, barka da ƙoƙari. Ka tambaya ko za ka iya juya Indico, manhajar shirya taruka, daga databes ɗin PostgreSQL, wato ma'ajiyar bayanan da yake kai, zuwa wani databes mai suna MySQL. Kar ka juya Indico zuwa MySQL, ka bar shi a kan PostgreSQL ɗinsa, ka kama hayar ƴar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, irin wadda ake kira VPS ka ɗora shi a kai. Na gane abin da ya kawo maka tunanin tunda ka ce hostin ɗin makarantarku, wato inda aka ɗora shafinta, allon sarrafawa na cPanel ne da MySQL kawai kuma taron ya matso, amma wallahi hanyar da kake gani gajera ita ce mai nisan.

Mu nan Gombe da Indico muka yi taron tsangayarmu, a kan PostgreSQL kamar yadda masu shi suka tsara, ban taɓa ko layi ɗaya a cikin kod ɗin ba, kuma har yau in na tuna sai in ji daɗi. Mun buɗe karɓar abstrak, wato taƙaitaccen bayanin takarda, mutane suna turowa daga Kashere, Gadau, Yola, Maiduguri har da Jos, kowa ya yi rajista da kansa, shugaban kwamiti ya raba wa masu dubawa takardu daga ofishinsa, su kuma suka sa maki da sharhi a ciki, wanda aka karɓi nasa imel ya je masa ba tare da sakatare ya zauna yana kwafar adireshi ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya fi burge ni wani dattijon farfesa ne da kullum sai an buga masa takarda an kai masa gida, shi da kansa ya duba nasa kason a waya, washegari ya tare ni a bakin masallaci yana cewa yaro wannan abin naku ya yi. Jadawalin taro ma a ciki muka haɗa, mai gabatarwa ɗaya ya ce ba zai iso da safe ba muka ja sunansa zuwa yamma kowa ya gani nan take, bajon wuya da littafin abstrak duk daga ciki muka fitar. Kuma da yake sabar ba a harabar makaranta take ba, ko an ɗauke wuta ko janareto ya ƙi tashi shafin yana nan yana aiki, masu turo takarda ƙarfe 11 na daren ranar rufewa ba su san ma ana wani abu ba.

To me yasa juyawar ke da wuya haka, tunda duka biyun da yaren tambayar databes ɗaya, SQL, suke aiki? Nan ne mutane ke ruɗewa. Za a ce maka ai Indico da yaren kod na Python aka rubuta shi kuma yana amfani da SQLAlchemy, wato akwai wani shimfiɗi tsakanin manhajar da databes, saboda haka canza layin haɗi kawai zaka yi. A manhajar da aka gina da niyyar ta hau kowane databes hakan na iya yiwuwa, amma Indico ba haka aka gina shi ba, sun zaɓi PostgreSQL ne suka kuma yi amfani da abubuwan da shi kaɗai ke da su son ransu. Teburan da yake ajiye bayanai a ciki a rarrabe suke gida-gida a cikin databes guda, na masu amfani daban, na taruka daban, na rajista daban, na ɗakunan taro daban, abin da PostgreSQL ke kira schema, a MySQL kuwa wannan kalmar da databes abu ɗaya ne, kaga tun daga nan lissafi ya fara canzawa. Akwai ginshiƙan da ke riƙe jerin abubuwa a gurbi ɗaya, MySQL ba shi da irin wannan nau'in sam. Akwai JSONB da suke zuba bayanai iri-iri a ciki, MySQL yana da nasa JSON ɗin amma yadda ake tambayarsa daban ne, sai ka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ka sake rubutawa. Akwai fihirisar da ke aiki a kan wani ɓangare na teburi kawai, misali a ce kar abu ya maimaitu amma a cikin waɗanda ba a goge ba, wannan ma babu shi a MySQL. Sannan tun wajen girkawa sai ka kunna ƙarin abubuwa biyu na PostgreSQL, unaccent da pg_trgm, su ne ke taimaka wa binciken suna ya yi sauri kuma ya samo mutum ko da akwai alama a kan harafin sunansa, in ka cire su sai ka ƙirƙiro madadinsu da hannunka.

Kuma a ce ka yi duk wannan, ka sha wahala ya tashi, matsalar gaske tana gaba, ranar da sabon afdet ya fito. Kowane sabon Indico yana zuwa da ƴan fayilolin da ke gyara tsarin teburan, wata manhaja mai suna Alembic ke tafiyar da su, kuma don PostgreSQL aka rubuta su. Ni umarni ɗaya nake bugawa ya wuce, kai kuwa sai ka zauna ka fassara kowanne. Ga wani abu da ba kowa ke lura ba, a PostgreSQL in gyaran teburi ya lalace a tsakiya komai yana komawa yadda yake kamar ba a taɓa ba, a MySQL kuwa kowane canjin teburi yana zama daram da zarar an yi shi, in abu ya tsaya a rabi to a rabi zaka same shi. Ƙarshenta abin da ke faruwa shine mutum ya ji tsoron afdet ya daina yi gaba ɗaya, sai a bar shafi mai ɗauke da sunaye da lambobin waya da imel na ɗaruruwan malamai a buɗe da tsohuwar ɓarakar tsaro, alhali tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya kuma makaranta ce za a tambaya ba mai kod ba. Kamar ka ce zaka canza harsashin gida ne bayan an yi rufi iyali sun tare.

Ka duba su kansu masu abin. Indico a CERN aka haife shi, cibiyar binciken nukiliya ta Turai da ke Geneva, tun 2002, kuma da farko ba a kan PostgreSQL yake ba, wani databes ne mai suna ZODB. Da suka yanke shawarar ƙaura sai da ta ɗauke su shekaru suna sake rubuta manhajar sashe-sashe kafin Indico 2.0 ya fito a 2018, su da suka rubuta abin da hannunsu kuma aikinsu kenan kullum. Daga baya a 2021 suka fitar da 3.0 a kan Python 3. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da shi take rajistar tarukanta a Geneva. In ka bar shi yadda yake duk gyaran da waɗannan mutanen suka yi kyauta zai zo maka, in ka juya shi ka zama kai kaɗai a duniya mai irin naka, ko tambaya ka kai musu abin da za su fara ce maka shine ba sa tallafa wa MySQL.

Kuma Malam ko da databes ɗin ya yarda, Indico ba zai zauna a hostin ɗin cPanel na haɗaka ba, yana buƙatar wasu manhajoji a gefensa, Redis da Celery mai aiki a bayan fage yana tura imel da tunatarwa, da uWSGI da nginx ko Apache masu kai shafin ga mai buɗe shi, duk waɗannan sai kana da ikon shiga sabar kai tsaye. Kaga ko ta ina ka bi sai ka nemi VPS, in kuwa ka samu VPS girka PostgreSQL aikin ƴan mintuna ne, to ina amfanin juyawar.

Ɗaya hanyar da wasu za su kawo maka ita ce OCS, wato Open Conference Systems na ƙungiyar PKP, masu manhajar OJS ɗin da mujallun jami'o'inmu ke amfani da ita. Eh yana hawa MySQL, da yaren PHP aka rubuta shi, zai zauna a cPanel, iyakar abin da zan ce a kansa kenan na alheri. An daina ci gaba da shi tun tuni, zamanin PHP 5 aka rubuta shi, PHP 5.6 kuwa tun ƙarshen 2018 aka daina yi masa gyaran tsaro. In dole dole sai MySQL, misali shugabanni sun ce ba za a kashe ko kwabo a waje ba, to gara ka buɗe taron kamar mujalla a cikin OJS 3, ko ka ɗauki HotCRP na Eddie Kohler wanda dama a kan MySQL ko MariaDB aka gina shi, yana da kyau sosai wajen karɓar takardu da dubawa amma rajistar mahalarta sai ka nemi wata dabara. A nan ma ka tabbata tsarin haruffan databes ɗin utf8mb4 ne, don kafin MySQL 8.0 latin1 ne ke zuwa da shi in ba a canza ba, kuma latin1 bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, mai suna Ɗanladi sai ya ga alamar tambaya a farkon sunansa a satifiket.

Abin da baka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da ƴan kwangilar manhaja. Akwai masu sauke Indico ko OCS kyauta su cire tambarin su liƙa nasu su kawo wa makaranta a matsayin abin da kamfaninsu ya ƙera, da kuɗin lasisi duk shekara, alhali ba a biyan ko sisi a kan manhajar, aikin girkawa da kulawa kaɗai ya kamata a biya. Akwai kuma masu cewa su za su juya maka shi zuwa kowane databes cikin sati ɗaya. Na ga aikin wani irin wannan a wata makaranta da aka kira ni in duba, shafin farko yana buɗewa tsaf, rajista tana shiga, amma duk inda ya gagare shi sai ya kashe wurin ya yi shiru, bincike ba ya aiki, raba takardu ga masu dubawa ba ya aiki, ba a gane ba sai da abstrak suka taru, lokacin ya karɓi kuɗinsa wayarsa kuma ta daina shiga, fasawod ɗin sabar ma yana hannunsa. Duk wanda zai yi muku aiki, sabar da sunan shafin su kasance da sunan makaranta da imel ɗin makaranta, fasawod a hannunku tun ranar farko, kuma kar a biya cikon kuɗi sai an gwada a gabanku tun daga turo abstrak har fitar da jadawali. Masu tallar hostin mara iyaka su ma ka tambaye su kai tsaye ko za su baka ikon shiga sabar gaba ɗaya, in suka fara kewaye-kewaye ka wuce.

Saboda haka ka ɗauki VPS mai Ubuntu ko Debian, ka bi jagorar girkawa ta Indico layi-layi kar ka tsallake komai, ka roƙi ƴan ICT ɗinku su nuna wani reshen sunan shafin makaranta zuwa sabar, shafin makaranta ya ci gaba da zamansa a MySQL ɗinsa ba ruwan wani da wani. Takardar tsaro ta Let's Encrypt, mai sa shafin ya buɗe da https, kyauta ce. In kuna da tsofaffin sunaye a MySQL ba sai ka haɗa databes biyu ba, ka fitar da su a fayil ɗin CSV ka shigar ta wajen rajista. Kuɗin rajista kuwa mu ta banki muka karɓa, mutum ya tura shaida sakatare ya danna an biya, ya ishe mu. Ka gwada imel tun da wuri don kamfanonin VPS da yawa suna toshe ƙofa ta 25 da imel ke fita ta ciki, gara ka haɗa shi da sabar imel ɗin makaranta ka tura wa kanka gwaji a Gmail da Yahoo ka ga ko yana faɗawa cikin jakar tarkace, wato spam. Sannan ka saita pg_dump, umarnin kwafe bayanai na PostgreSQL, ya riƙa kwafe databes ɗin kowane dare, tare da jakar fayilolin da mutane suka ɗora, ka ajiye kwafin a wani wuri daban ba a sabar ba. In ka kai wajen saita nginx ya maƙale ka turo hoton abin da ya rubuta maka, zan duba in sha Allah.