Shekara guda ina shan Zyloric

Kwana biyu bayan babbar sallar bara na farka wajen ƙarfe uku na dare, babban ɗan yatsan ƙafata ta dama ya kumbura ya yi jawur, har ƙyalli yake. Mayafi ma in ya taɓa wurin sai na yi ƙara. Uwargida ta ɗauko tocila tana neman kunama a ƙarƙashin gado. Sati guda a zaune na yi ta salla.

Gwajin jini ya nuna yurik asid ɗina ya haura 9, alhali ana so ya sauka ƙasa da 6. Likita ya ce gawut ce, wato ciwon kumburin gaɓa da yawan yurik asid a jini ke jawowa. Da kumburin ya lafa sai ya ɗora ni kan alofurinol, wanda aka fi sani da Zyloric, miligiram 100 kullum.

Ga yadda ya yi min bayani. Akwai sinadarin furin a ƙwayoyin jikinmu, akwai shi da yawa kuma a abinci irin su hanta, ƙoda, kayan ciki da kifin sadin. In jiki ya farfasa shi sai ya zama haifozantin, ya koma zantin, daga nan ya rikiɗa ya zama yurik asid. Wannan na ƙarshen ne in ya yi yawa yake daskarewa a gaɓa kamar ƙananan allurai. Wani sinadarin jiki guda, inzayim mai suna zantin oksides, shi ke yin matakai biyun ƙarshe, maganin kuma ɗaure masa hannu yake yi, sai zantin ɗin ya bi fitsari. Shi ya sa ake nanata shan ruwa. Tsohon magani ne, tun 1966 ake amfani da shi a Amurka, daga aikin Gertrude Elion da George Hitchings waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1988.

Da na ji sinadarin kafeyin ɗin da ke cikin goro da shayi dangin zantin ne, gabana ya faɗi, don ni da goro sai Allah. Likita ya yi dariya ya ce wannan ba ya komawa yurik asid, lemon kwalba dai zan rage.

Inda na kusa yin watsi da maganin shi ne sati na uku. Ciwon ya dawo, har da idon sawu. Na ce wannan ai ƙara min yake yi, na jefa shi a durowa. Da na koma asibiti na sha faɗa: "Alhaji, wa ya ce ka daina?" Ashe haka yake yi da farko, yayin da abin da ya daskare ya fara narkewa, kuma shi ba maganin kashe zafi ba ne sam. Aka haɗa min da kolcisin, maganin kare kumburin, na 'yan watanni. Shi kuma wannan ya sa ni zarya banɗaki kwanakin farko. A hankali aka kai ni miligiram 300.

Gargaɗi ɗaya na riƙe da kyau: in ƙuraje suka feso a fata, ko zazzaɓi da gyambon baki, a dakatar nan take a tafi asibiti. Ni ban gani ba, alhamdulillahi. Abin da ya ɗan dame ni kawai shi ne tashin zuciya in na sha ban ci komai ba, sai na mayar da shi bayan tuwon dare.

Gwajin watan jiya ya nuna 5 da ɗoriya, rabona da kumburi wata bakwai. A layyar bana na ci tsoka daidai gwargwado, hantar kuwa na tura wa yara ina kallo suna wawaso.