Bloodlines: gem ɗin da facinsa ya fi tayarsa yawa

Aikina a kasuwar Mil 12 da ke Legas na dare ne. Ni nake riƙe wa Alhaji littafin kayan gwari: mota nawa ta taso daga Kadawa ko Zariya, kwando nawa aka sauke, wane dillali ya ɗebi nawa. Direba zai kira ka da magariba ya ce ya wuce Jebba, ka yi ta zuba ido, sai ƙarfe uku na dare ya sake kira ya ce taya ta fashe kafin Ogbomosho. Zaman jiran nan ne ya sa na sayi tsohuwar laftof a Computer Village da ke Ikeja, kuma a kanta na shafe kusan wata huɗu ina buga gem (wasan kwamfuta) mai suna Vampire: The Masquerade – Bloodlines. Sau biyu na kai ƙarshensa, yanzu ina tsakiyar na uku.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Yaron shagon da na sayi laftof ɗin ya loda mini gem guda biyar a matsayin gyara, har da wannan. Na dawo masauki na danna, sai ya watso mini wani rubutu wai ma'adanar injin ba ta kai 15MB ba, alhali 8GB ne a ciki. Na koma wurin yaron, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Oga, gem ɗin ne ya tsufa, bari in sa maka ƙwallo." Ban ga laifinsa sosai ba, ɗanye ya samo ya ba ni ɗanye. Ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya ce, "Yaya, ai wannan ba a buga shi sai da faci." Ya saya mini na halal a GOG, wani shagon sayar da gem a intanet, lokacin da suka karya farashi, saboda nasu yana zuwa da facin, wato gyaran da ake ɗora wa gem don toshe kurakuransa, a jikinsa.

Sai da na san tarihinsa na daina jin haushin kurakuransa. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, Troika Games, shi ya ƙera shi, Activision ta fitar da shi ranar 16 ga Nuwamba 2004. A kan injin Source, wato manhajar gina gem ta kamfanin Valve, aka gina shi tun injin bai gama nuna ba, sannan ya faɗo kasuwa rana ɗaya da gem ɗin Half-Life 2, wanda duniya ta daɗe tana jira. Kamar ka shigo da kwando goma ne ranar da tirela ashirin suka sauke. A farkon fitowarsa ko kwafi 80,000 bai sayar ba, kuma a watan Fabrairun 2005 Troika ta rufe. An sauke tukunya shinkafar da sauran tsatsa, mai girkin kuma ya bar gari.

Waɗanda suka ci suka ji daɗi duk da haka, su suka mayar da ita kan wuta. Facin da ake kira Unofficial Patch, masoyan gem ɗin ne suka fara shi, daga baya wani Bajamushe masanin kimiyyar sinadarai da aka fi sani da Wesp5 ya karɓe shi, ya yi ta ɗinki shekara da shekaru har sigar ta haura 11, ba tare da ya sayar wa kowa ba. Iri biyu ne. Basic yana toshe ɓaraka ne kawai: gem ya tashi a sabon inji, hoto ya cika faffaɗan allo, ƙofar da ta ƙi buɗuwa ta buɗe. Plus kuwa yana tono abubuwan da Troika ta fara ba ta ƙarasa ba, waɗanda suka saura kwance cikin fayilolin gem ɗin, ya jona su, har da wani aiki a ɗakin karatu da babu shi a na asali. Akwai masu cewa Plus ya wuce gona da iri, mai faci ya zama mai ƙera taya. Na fahimce su. Amma ni da Plus na tsaya, zan faɗi dalili a gaba.

Wani dare Baba mai shayi ya kawo mini kofi, ya tsaya a bayana daidai lokacin da mutumina ya kafa haƙori a wuyan wani a lungu. Ya ce, "A'uzubillahi! Ɗan nan, wasan mayu kake yi?" Na ce, "Baba, ba mayu ba ne, bamfaya ne." Ya ce duk kanwar ja ce, ya tafi abinsa. Na daɗe ina juya maganar. Mayen da aka ba mu labari muna yara mai rai ne, yana cin tuwo, yana zuwa suna da biki, kurwa aka ce yana kamawa, da ƙanƙara a cikinsa wadda ya gada ko ya saya, in an ritsa shi a sa shi ya tsallake wanda ya kama. Kuma mun san tsofaffi nawa wannan zargi ya tozarta ba su ji ba ba su gani ba. Bamfayan gem ɗin nan gawa ce mai tafiya. Wani ne ya zuƙe jininta tas, ya ɗiga mata nasa, ta tashi. Su "runguma" suke kiran abin. Tun a darasin farko wani tsohon ɗan tasha mai suna Jack zai gaya maka ka manta da abin da ka gani a finafinai: tafarnuwa ba ta yi maka komai, gicciye ma haka, turke a ƙirji sandarar da kai kawai yake yi. Wuta da hasken rana su ne ajali. Na yi dariya a nan, don buhunan tafarnuwa ne jibge a rumfar da ke maƙwabtaka da mu.

Asalin tatsuniyar daga wani wasan tebur ne da kamfanin White Wolf ya fitar a 1991. Sun jingina tushen bamfaya ga Ƙabilu, wai la'anar kisan ɗan'uwansa ce ta mayar da shi haka, kuma gwargwadon kusancin salsalarka da shi, gwargwadon ƙarfin jininka. Suna kuma tsoron wani dare da kakanninsu na farko za su farka su cinye jikoki. Ƙagen marubuta ne tsagwaronsa. Abin da ya zo mana a Suratul Ma'ida game da 'ya'yan Annabi Adamu biyu da hankaka bai ƙunshi ko ɗaya daga wannan ba, a matsayin tatsuniya na ɗauke shi, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar shi.

Abin da ya riƙe ni bai shafi jini ba. Gem ɗin yana buɗewa ne da zaman shari'a: wanda ya rungume ka bai nemi izinin yariman gari ba, wato Sebastian LaCroix na Los Anjelas, don haka aka sare kansa a gaban jama'a. Kai ma da ka bi shi, sai wani Nines Rodriguez ya ɗaga murya, yarima ya ga idon mutane ya ƙyale ka. Daga nan ka zama ɗan aike. Duk wanda ya taɓa sauka a Legas da 'yar jakarsa, ya nemi mai masauki a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, aka kai shi ya gaida manya, aka nuna masa inda zai tsaya da inda ba a tsayawa, zai gane wannan duniyar nan take. Kowace unguwa da mai ita. 'Yan Camarilla dattawa ne masu cewa a bi tsari, 'yan Anarch suna cewa tsarin na cin ƙananan yara ne, kuma dukkansu kai suke turawa inda ba za su sa ƙafarsu ba. Babbar dokarsu, Masquerade, wadda gem ɗin ya ci sunanta, rufin asiri ce: kada mutane su san kuna nan. Ka tona sau biyar, wasa ya ƙare. Akwai kuma ma'aunin mutuntaka, in ka zuƙe marar laifi har ya mutu sai ya ragu, dabbar da ke cikinka ta riƙa ƙwace linzami.

Gidan bamfaya bakwai ake zaɓa daga ciki, kuma zaɓin ba ado ba ne. Da Ventrue na fara, masu jinin sarauta, waɗanda ba sa shan na ɓera, na mabarata ma yakan sa su amai. Nosferatu muninsa ya kai in mutane suka gan shi a titi asiri ya tonu, sai ya bi ta kwalbati. Malkavian mahaukata ne, an sake rubuta kusan duk maganganunsu, har gardama za ka yi da allon da ke cewa mota ta tsaya, mai karanta labarai a talabijin kuma ya juyo ya yi maka magana. Kada ka fara da su, sai a zagaye na biyu za ka gane cewa shirmensu tona ƙarshen labari yake yi. Kuma ba a ba ka maki don yawan kisa, sai don kammala aiki, ko da baki ka gama shi, ko da sanɗa, ko da fasa kwamfutar wani.

Wurin da ba zan manta ba shi ne otal ɗin Ocean House. Ba abokin faɗa ko ɗaya, kango ne kawai da fatalwa mai jifa da tukwanen fure. Ina cikin ɗakin injuna na ƙasa aka ɗauke wuta a layinmu, wani ɗan dako ya dafa kafaɗata ta baya zai tambaye ni ko motar ta iso. Abin da na furta ba zai rubutu ba.

Aibinsa kuwa faci bai iya rufe shi duka ba. A unguwannin gem ɗin, Santa Monica da tsakiyar gari sun cika maƙil, Hollywood ba laifi, Chinatown ka ga alamar kuɗi sun fara ƙarewa. Harbi da bindiga a farko kamar jifa da hannun hagu ne. Mafi ciwo, gem ɗin ya yi ta koya maka cewa baki yana fidda kai, sannan a kashi na ƙarshe ya rufe ƙofa ya tara maka maƙiya. Ventrue ɗina mai zaƙin baki ya sha wuya, sai da na koma tsohon ajiya, wato inda na adana wasan a baya, na zuba maki a faɗa. Ga kuma kwalbatocin Hollywood, doguwar tafiya cikin duhu ba mai yi maka magana, ba isasshen jinin sha. Plus ya buɗe gajeriyar hanya a wurin, wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Sannan Turancinsa na 'yan tasha ne, cike da ashar, akwai gidajen rawa da mata cikin shigar da ba ta dace ba. Ba na yara ba ne, ni ma da abin kunne nake bugawa, allon yana kallon bango.

Bayan facin akwai ƙare-ƙaren da masoya suka gina da kansu, su ake kira mod. Na gwada Clan Quest Mod, wanda ya ƙara wa kowane gida aikinsa, ya buɗe sabuwar unguwa a gabashin Los Anjelas, har ya ba ka damar shiga Sabbat, waɗanda a na asali abokan gaba ne kawai. Ana jin ɗinkin: wasu muryoyin ba su kai na ƙwararrun da Troika ta ɗauka ba. Amma an yi aiki, kuma kyauta. Kuskuren da na yi shi ne zuba shi a kan facin da nake da shi, komai ya cakuɗe, na sake saukewa daga farko, datar sati guda ta tafi. Kowane mod a bar shi a jakarsa, a buɗe shi ta tasa alamar, a kuma fara sabon wasa, tsohon ajiya ba ya bin sabon gyara.

Ga mai tsohuwar laftof irin tawa, ba ya neman inji mai ƙarfi, ba ya neman intanet bayan an sauke. Ka sa Plus, ka ɗauki gidan Brujah ko Tremere a karon farko don su iya kare kansu, ka riƙa ajiya a gurabe daban-daban. Ni yanzu Nosferatu nake ja, na kai Hollywood, ɓeraye nake ci a kwalbati. Jiya Baba mai shayi ya sake leƙowa, ya daɗe yana kallon fuskar mutumin nawa, ya ce, "To, wannan kam ko ba a faɗa ba." Kafin in ba shi amsa direban Kadawa ya kira, wai ya shigo Ojota.