Kuskuren gidan buga kuɗi ko ɓarnar hannu? Yadda ake rarrabewa

Wani ɗan'uwa ya turo hoton kwandala uku na Amurka, duka santi ɗai-ɗai. Ta farko gefenta a gutsure, ta biyu rubutunta ya fito biyu-biyu, ta uku kuma akwai haruffa a juye a kan fuskarta. Tambayarsa: daga gidan buga kuɗi suka fito haka, ko daga baya aka yi musu?

Malam, kafin ka duba kowace, riƙe jerin aikin a kanka. Ana murza ƙarfe ya zama falle, a huda fallen a fitar da ƙwayoyi masu da'ira, a bi da su ta injin da ke matse gefe ya tayar da baki, sannan a ɗora ƙwaya cikin zobe, hatimi biyu su buge ta sama da ƙasa lokaci guda. Kuskure na gaskiya dole ka iya nuna matakin da ya faru a cikin huɗun nan, ko kuma wurin ƙera hatimin kansa. Abin da ya faru kafin bugu, zanen ne ke hawa kansa. Abin da ya faru bayan bugu, shi ke hawa kan zanen ya ɓata shi.

Gutsuren gefe

Na gaskiya yana faruwa ne idan fallen bai matsa gaba sosai ba, sai injin huda ya ci wani ɓangare na ramin da ya riga ya yi. Ƙwayar ta shiga sauran matakai a gutsure, kuma kowane mataki ya bar shaida. Bakin kwandalar yana sirancewa a hankali yayin da ya doshi giɓin. Haruffan da ke kusa sun yi laushi, sun ɗan miƙe wajen giɓin, saboda ƙarfe ya gudu can lokacin bugu. Sai babbar shaida, wadda masu tara kwandala ke kira alamar Blakesley: duba bakin da ke daidai ɗaya ɓangaren, kishiyar giɓin, za ka tarar ya kwanta ko ya yi faɗi, domin injin tayar da baki bai samu abin tokarewa ba a wurin. Ba kowace ta gaskiya ce ke nuna ta ƙarara ba, amma idan ta fito, magana ta kusa ƙarewa.

Na hannu kuwa, bakin yana tafiya da cikakken tsayinsa har ya tsaya cak a wurin yanka. Haruffa sun yanke da kaifinsu. Gefen yana da layukan magagari ko ƙyallin sabon yanka, wani lokaci kwandalar ta ɗan lanƙwashe inda almakashi ya kama. Kada ka wahalar da sikeli a nan: duka biyun ba sa cika nauyi.

Rubutu biyu-biyu

Nan ne aka fi yaudarar kai. Akwai ninkin da ke jikin hatimin kansa tun ranar da aka ƙera shi, kamar na santin 1955 da aka buga a Filadelfiya, wanda ko ba gilashin ƙara girma ana ganin shekarar ta fito sau biyu. A irin wannan, duka zanen biyu a tashe suke da tudu, harafin ya ƙara kauri, kuma kusurwoyinsa sun rabu biyu. Duk kwandalar da hatimin ya buga iri ɗaya take fitowa, shi ya sa ake iya gwada taka da hoton wadda aka tabbatar.

Ɗaya nau'in kuma hatimi ne ya yi sako-sako ya zame bayan bugu, ya kankare gefen harafi. Zane na biyun yana fitowa a kwance kamar matakala, kuma harafin ya rage kauri maimakon ya ƙaru. A gidan buga kuɗi ya faru, gaskiya ne, amma kasuwa ba ta ba shi wata daraja. Yawancin abin da ake turowa wannan ne.

Haruffa a juye

Idan kwandala ta maƙale a jikin hatimi ta bugi ƙwayar da ta biyo baya, za a samu zane a juye, a nutse, a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma ta fito tsaf da kaifinta domin tana zaune kan hatimi. Idan kuma wani ne ya haɗa kwandala biyu ya dake su da guduma, juyayyun haruffan suna bisa zanen asali da ya mutstsuke, bayanta ya baje, da'irar ma ta karkace. Juya taka ka duba bayan, amsar tana can.

Inda sikeli ke aiki

Samu sikelin masu gwal mai auna 0.01 na giram. Santin Amurka na tagulla giram 3.11 ne; a 1982 aka koma tutiya mai rufin jan ƙarfe, giram 2.5. Na 1943 baƙin ƙarfe ne, giram 2.7. Tsirarun 1943 da aka buga bisa kuskure kan ƙwayar tagulla su ne masu tsada, saboda haka ake shafa wa na ƙarfen jan ƙarfe a sayar. Maganaɗisu zai ɗauke jabun nan take. Wasu kuma 1948 suke kankarewa, takwas ta koma uku; wannan ba ta bin maganaɗisu, sai ka sa gilashi a kan siffar lambar.

Kwandalar da ta sha asid tana sirancewa, faɗinta ya ragu, zanen duka yana nan amma ya dushe, fatarta ta yi kaushi. Wadda aka buga kan siririyar ƙwaya faɗinta cikakke ne, zobe ya tabbatar da haka, sai dai bugun bai cika ba a wuraren da zane ya fi tudu. Layin da ke kan fuskar kwandala kuwa sauƙi ne: tsagewar hatimi tana fitowa a tashe, ƙarzuwa tana nutsewa da ɗan tudu a gefenta.

Kada ka wanke ko ɗaya, ko da toka ko da lemon tsami. Gogewa tana share shaidar, tana kuma karya farashi. Sake ɗauko mana hoton ta farkon ta gefe, da bakin da ke kishiyar giɓin, a hasken rana mai zuwa a karkace. Ta ukun kuma bayanta muke son gani.