Lissafin da aka yi wa maiɗakina kafin a fara kemo

Salamu alaikum mutanen Kano. Jikin maiɗakina da sauƙi, mun gode da addu'o'inku.

Ranar da za a fara yi mata kemo, wato maganin ciwon daji, a nan Amurka, likitar ta jawo kujera ta zauna dab da ita, ta ɗauko sakamakon gwajin jini. Ta ce ciwon daji da maganinsa sukan sa jini ya daskare a jijiya, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, don haka sai an auna haɗarin tukuna. Ma'aunin Khorana suke kiransa, tun 2008 aka fitar da shi. Ana duba inda ciwon yake, da ƙarancin jini, da yawan fararen ƙwayoyin jini da na masu sa jini ya daskare, sai ƙiba mai yawa. Ciwon tumbi maki 2 ne, na huhu ko mafitsara ko mahaifa 1. Nata na mahaifa ne, jininta kuma ya yi ƙasa, bai kai 10 a ma'aunin ba, shi ma maki 1, ta tashi da 2. Sai da aka duba ƙodarta, aka tambaye ta ko tana zubar da jini, sannan aka rubuta mata apixaban, maganin tsinka jini don kada ya daskare. Likitar ta ce in ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya sarƙe, ko tsakar dare ne mu kira.

Wallahi goggona ce ta faɗo mini a rai. Tana cikin kemo ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum, wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa. Aka yi ta shafa man zafi ana tausa, har ranar da numfashi ya gagara. Allah ya jiƙanta. Kwana in ya ƙare ya ƙare, amma ba wanda ya taɓa gaya mana abin da kumburin nan ke nufi. Gwajin jinin nan fa ana yinsa a Kano kafin kemo, sauran biro ne da takarda. Mu kuma kunya ta hana mu tambayar likita, sai "to, ranka ya daɗe". Don Allah ku riƙa tambaya. Kuma kada wani ya ruga kemis ya sayo maganin tsinka jini da kansa, yana iya jawo zubar jini.

Nan ma ba aljanna ba ce. Takardun inshora suna ta zuwa, adadin ciki kaɗai ya isa ya hana mutum barci. Ga kaɗaici: ba 'yan dubiya, ba mai sallama da kwanon kunun gyaɗa. In na tafi aiki ita kaɗai take wuni, ta ce ko hayaniyar 'yan adaidaita na ƙofar gidanmu kewarta take.