Kasuwar Khan al-Khalili a Alƙahira: Kayan Kirki Suna Cikin Lungu

Wanda ya ziyarci Masallacin Husaini a Alƙahira da wuya ya koma masauki bai ratsa kasuwar Khan al-Khalili ba, domin tana manne da masallacin, Azhar kuma tsallaken titi ne kawai. Sunanta ya samo asali daga Amir Jarkas al-Khalili, wanda ya gina masaukin fatake a kan tsohuwar maƙabartar halifofin Faɗimawa a zamanin Sarki Barƙuƙ, ƙarshen ƙarni na 14. Sarki al-Guri ya rushe ginin ya sake shi a 1511, kuma har yau masu sayayya suna bi ta ƙarƙashin ƙofofin dutsen da ya bari.

Shagunan bakin hanya ba su burge ni ba. An cika su da ƙananan dala na ado da carbin roba da gyale masu sheƙi, yawancinsu aikin inji ne, kuma kuɗin da ake fara faɗa wa baƙo ya wuce hankali. Wani mai shago ya yi wa fitilar tagulla kuɗi, na taya rabi, ya rantse cewa ko uwar kuɗinsa ban kai ba, amma da na juya zan tafi sai ya kira ni ya sallama. Wanda ya saba ciniki a Kurmi ba zai sha wuya ba, sai dai a nan maimakon a ce masa albarka, kujera za a jawo masa a kawo shayi, kuma shayin yana sa mutum jin nauyin fita hannu wofi.

Darajar kasuwar tana cikin lungu, inda ƙarar guduma take kai mutum wurin maƙeran da ke zana faranti da buta da hannu. A can mai saye yana ganin aikin da idonsa kafin ya biya, kuma cinikin ba ya tsawo. Gaba kaɗan akwai masu turare da kayan yaji, inda na sami zoɓorodo mai kyau, wanda Misirawa suke kira karkade.

Da yamma cunkoso yana hana mutum duba kaya a natse, saboda haka na fi son zuwa kafin azahar, ban da ranar Lahadi da shaguna da yawa suke rufe. Farantin da na saya wurin maƙeri yana nan yadda yake, fitilar bakin hanya kuwa launinta ya fara koɗewa tun kafin wata ya cika.