WizTree: manhajar da ke nuna maka abin da ya cinye wurin kwamfutarka

Jama'a duk wanda yake riƙe da irin laftop ɗin nan 'yan gwanjo masu SSD giga 128 ya san wahalar da nake magana a kai, kana buɗe This PC ka ga layin C ya yi jajir, Windows ta ƙi yin afdet wai babu wuri, kai kuma ka duba Documents ka duba Pictures ba ka ga wani abin kirki da ka ajiye ba. To ina wurin ya tafi? Tambayar da WizTree ke amsawa kenan, kuma gaskiya a wajen amsa ta ban ga na biyunta ba.

Bari in faɗa tun yanzu don kar wani ya sauke ya zo yana min ƙorafi, WizTree ba ta share maka komai da kanta. Ba irin manhajojin nan ba ce masu katon maɓalli da za ka danna su ce maka sun wanke kwamfuta. Aikinta kawai ta leƙa ma'ajiyar ta jero maka folda-folda daga wadda ta fi cin wuri zuwa ƙarama, sannan a ƙasa ta zana maka taswira mai murabba'ai kala-kala, kowane murabba'i fayil ɗaya ne, girmansa a allo gwargwadon girmansa a ma'ajiya. Kana ganin wani ƙaton shuɗi ya mamaye kwana guda ka danna shi, nan take ta nuna maka sunansa da inda yake ɓuya. Wani kamfani ne Antibody Software na ƙasar New Zealand ya yi ta, kyauta ce ga mai amfanin kansa, amma in a ofis ko shago ake aiki da ita sai an sayi lasisi. 'Yan mega kaɗan ce ba za ta ci maka data ba, kuma akwai wadda ba sai an yi instol ba, ka zuba a fulash ka yi ta yawo da ita.

Abin da ya fi burge ni saurinta. Da can WinDirStat muke amfani da ita, wadda ta fito tun 2003, ita ce mai 'yan kawunan nan rawaya da ke ta cin layi suna kai da komo yayin da take ƙirga, za ka iya tashi ka yi alwala ka yi salla ka dawo ba ta gama ba in ma'ajiyar tsohuwa ce mai juyawa. WizTree kuwa daƙiƙu ne kawai. Dalili shi ne ba ta bin folda ɗaya bayan ɗaya, Windows tana da wani kundi da ake kira MFT inda ake rubuta sunan kowane fayil da girmansa a tsarin NTFS, wato tsarin da ma'ajiyar Windows ke kai, to shi take karantawa kai tsaye, kamar ka je shago ka karɓi littafin kaya maimakon ka tsaya ƙirga kwali-kwali. Sai dai fa wannan saurin sai ka buɗe ta da izinin admin, kuma in fulash ne ko memori mai FAT32 ko exFAT babu wannan kundin, a hankali za ta bi kamar kowa.

Me ake yawan gani in an duba? Yawanci ɓarayin wurin sanannu ne. Akwai Windows.old, foldar tsohuwar Windows ɗinka, da ke zama bayan babban afdet, yana iya kai giga 20 ko fiye, Windows kan goge shi da kanta bayan kwana 10 amma wani lokaci sai ka tarar yana nan daram. Akwai hiberfil.sys, fayil ɗin Hibernate inda kwamfuta ke adana aikin da kake kai kafin ta mutu don ka ci gaba daga nan in ka kunna, wanda ke cin kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM ɗinka, wato mai RAM giga 16 ya yi asarar wajen giga 6 kenan. Sai foldar Downloads wadda kowa ya mai da bola, musamman masu Telegram a kwamfuta, duk fim ɗin da ka taɓa buɗewa yana can a Telegram Desktop a kwance. Masu haɗa bidiyo kuma da CapCut ko Premiere ku leƙa AppData, ɓoyayyiyar foldar da manhajoji ke ajiye kayansu, tarkacen da suke tarawa a can abin mamaki ne, haka ma wanda ya taɓa yi wa iPhone ɗinsa bakof a kwamfuta, foldar na nan a ɓoye da giga masu yawa ko da wayar an sayar tun bara.

Yanzu ga inda nake da ja da ita. WizTree tana nuna maka komai, har da abin da bai kamata hannunka ya je kai ba, kuma ba ta tsaya yi maka bayanin wannan na Windows ne kar ka taɓa. Mutumin da bai sani ba zai ga pagefile.sys ƙato ko foldar WinSxS ta ci giga goma ya ce yauwa na kama ɓarawo, alhali WinSxS in ka shiga gogewa da hannu kana iya wayar gari kwamfuta ta ƙi tashi. Irin waɗannan ba a nan ake taɓa su ba. Windows.old da ragowar afdet ka buɗe Disk Cleanup ka danna Clean up system files, ko ka bi ta Storage Sense a Settings, su suka san abin da za a cire lafiya. Shi kuma hiberfil.sys umarni ɗaya ne a Command Prompt na admin, powercfg /h off, amma ka sani Hibernate da Fast Startup za su tafi tare da shi, kuma mu da wuta ke zuwa ta tafi batir kuma ya tsufa, Hibernate ba abin yarwa ba ne wallahi, ni dai nakan bar shi sai in wuri ya yi tsanani. Sannan duk abin da ka goge in ya faɗa Recycle Bin wurin bai dawo ba sai ka zubar da shi, mutane da yawa nan suke ruɗewa su ce sun goge amma C na nan ja.

Wani ƙaramin abu kuma, maɓallin neman gudummawa da ke saman kwana yana ta girgiza lokaci-lokaci, ba ya hana aiki amma yana ɗauke ido. Kuma ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce kamar WinDirStat da kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, wanda wannan ya dama to WinDirStat ɗin ta fitar da sabon zubi a 2024 kuma ta ƙara sauri sosai.

Wasu za su ce ai ga CCleaner. Tana da amfaninta, amma galibi tarkacen burauza da fayilolin wucin gadi take kwashewa, ƙaton bidiyon bikin da ka manta a wata folda ba ruwanta da shi. Kuma tun abin da ya faru a 2017, lokacin da masu kutse suka cusa cuta a zubi na 5.33 mutum sama da miliyan 2 suka sauke, nake kaffa-kaffa da duk manhajar da ke neman izinin admin, ita ma WizTree ɗin daga shafin kamfanin kawai za ka ɗauko, ba a gurup ɗin WhatsApp ba.

In maki zan ba ta, 9 cikin 10 ga wanda ya ɗan san kan kwamfuta. Sabon shiga kuma ya tsaya a Downloads da Videos da Desktop, duk abin da ya gani cikin foldar Windows ya bar shi yadda ya same shi.