Irin Kabewa a Mai Wurno: Atlantic Giant ko Na Gida

Manomin Mai Wurno, wani gari a ƙasar Sudan, da ke son ƙatuwar kabewa sai ya nemi irin Atlantic Giant, wanda Howard Dill ya samar a Kanada, domin a gasar duniya kabewa ɗaya daga wannan iri takan haura kilo 1,000. Sai dai ba ya jure zafi, yana kuma buƙatar taki da ban ruwa kullum, saboda haka lokacin sanyi a bakin Kogin Nilu ne kaɗai zai yi masa, kuma naman kabewarsa ruwa ne, ba ya daɗin miyar taushe.

Irin gida ba ya kai wannan girma, amma ya saba da ranar Sudan, yana da zaƙi, yana daɗewa a ajiye, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai noma don kasuwar birnin Sinnar da ke kusa da Mai Wurno.